Ɗan ƙanena ya dawo daga Malabo, Sifaniyanci kaɗai yake karantawa: ta ina zan fara masa Turanci?

Gwaggon Yara, Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen malamai da duk wanda ya taɓa cin karo da irin wanga al'amari.

Ƙanena ya tafi Ikwatoriyal Gini neman abinci tun yana saurayi. A Malabo ya zauna yana sayar da kayan masarufi, can ya yi aure, can kuma Allah ya karɓi abinsa bara bayan babbar salla. Da matar ta fita takaba muka yi shawara, ta yarda a kawo mini babban ɗansu in riƙe. Yau wata huɗu ke nan yana ɗakina. Shekararsa 13, yaran unguwa har sun laƙaba masa Ɗan Malabo.

Hausa yana ji yana mayarwa, sai dai ta cikin gida ce, irin ta "zo ka ci tuwo" da "je ka ɗebo ruwa". Bokonsa kuwa duk da Sifaniyanci ya yi, don shi ne harshen makaranta a can. Ya zo da littattafansa a jaka, rubutu tsaf kamar an buga da inji. Ranar nan ina yankan atamfa, ya lissafa mini kuɗin yadi 17 da ka tun ban lalubo wayata ba.

Na kai shi wata makarantar kuɗi nan kusa da mu. Suka ba shi jarrabawa da Turanci, ya zauna ya yi shiru da biro a hannu, sunansa da 'yan lissafi kawai ya rubuta. Shugaban ya ce sai dai aji biyu na firamare. Yaro mai shekara 13 cikin 'yan shekara 7! Na yi ta roƙo har aka bar shi aji shida na gwaji. Mako na biyu sai ga shi da shatar bulala a hannu. Malami ne ya tambaye shi shekarunsa, ya ce "I have thirteen years", aji ya ɗauki dariya, aka ce ya sake, ya sake faɗin haka har sau uku. Daren nan bai taɓa tuwo ba. Na iske shi tsugune bayan keken ɗinki, ya buɗe tsohon littafinsa na Malabo yana bi da yatsa, leɓɓansa na motsi ba sauti. Wallahi har yau abin bai bar raina ba. Maraya ne, amana ce a hannuna.

Na cire shi daga makarantar. Ni sakandare na gama, kuma ina so in riƙa zama da shi da dare kafin sabon zango. Abin da na lura: school yake ce wa "eschool", stop kuma "estop". In zafi ya dame shi sai ya ce "is hot", ba ya sa komai a gaba. "His" yake faɗa ko mace ake nufi. Ta ina zan kama? Kuma wani maƙwabcinmu ya ce in ƙona littattafan nan in hana shi Sifaniyanci kwata-kwata, wai shi ke toshe masa kai. Gaskiya ne?

Likita, Gawon Nama

Wa alaikumus salam Gwaggo. Allah ya jiƙan ƙanenki, ya raya abin da ya bari. A Kuba na yi karatun likita, kuma kafin mu shiga aji sai da muka yi shekarar share fage ta koyon Sifaniyanci. Duk abin da kika lissafa na gane inda ya fito, kuma ba ɗaya da ke nuna daƙiƙanci.

Maganar shekaru ta fi ba ni takaici. Da Sifaniyanci "tengo trece años" ake cewa, ma'anarsa daidai da tamu: ina da shekara sha uku. Harsunansa biyu duk abu ɗaya suka gaya masa, Turanci ne ya fita daban da "I am thirteen". Haka yunwa da sanyi da tsoro, su "ina da" suke cewa: tengo hambre, tengo frío, tengo miedo. Ki haɗa masa su dare ɗaya: I am thirteen, I am hungry, I am cold, I am afraid.

"Eschool" kuwa, a harshensu kalma ba ta farawa da s sannan wani baƙi ya biyo kai tsaye, sai an sa e a gaba: escuela, estudiante, har sunan ƙasar ma España. Mu ma muna da irin wannan, mu a tsakiya muke cusa wasalin. Ai daga nan muka samu sito da sikeli da sitiyari. Ki sa ya ja s ɗin da tsawo kamar hucin maciji, sannan ya faɗa kan sauran kalmar.

"Is hot": a Sifaniyanci wutsiyar aikatau ita ke nuna mai aikin. Hablo na nufin ina magana, habla yana ko tana magana, ba sai an kawo wakilin suna ba. Turanci ba ya yarda jimla ta tashi ba mai ita, ko da "it" ne.

"His" ga mace: kalma ɗaya gare su, "su", ta namiji da ta mace. Nan Hausa ce za ta fid da ku. Uwarsa, his mother. Uwarta, her mother. Ya riga ya san bambancin a bakinsa.

Yanzu dukiyar da ya zo da ita. Kalmomin boko masu yawa kusan ɗaya suke a harsunan biyu: hospital, doctor, animal, color. Abin da ya ƙare da -ción a wajensu galibi -tion ne a Turanci, nación ta zama nation, educación ta zama education. Mai -dad ya koma -ty, universidad, university. Manyan kalmomin da ke ba yaranmu wuya a sakandare su ne za su zo masa da sauƙi. Sai dai akwai masu kama da juna amma ma'ana ta saɓa: sopa miya ce, ba ruwanta da soap, ropa tufafi ne, ba igiya ba, librería kantin littattafai ne, embarazada mace mai ciki ce, ba mai jin kunya ba.

Don Allah ki duba takardar lissafin nan. Su waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, biyu da rabi 2,5 suke rubutawa, dubu ɗaya da ɗari biyar kuma 1.500. Ina zargin an soke masa amsoshin da ya ci.

Kada ki ƙona komai. Harshen hukuma ne a ƙasashe wajen 20, yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma waɗanda suka tashi da shi tun daga nono sun fi na Turanci yawa. Ba ma baƙonmu ba ne can can. Musulmi sun yi mulki a Andalus, yankin da ƙasar Sifen take a yau, daga 711 zuwa 1492, suka bar Larabci a cikinsa: azúcar sukari, aceituna zaitun, alcalde kuma, wato magajin gari, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Da wannan harshen yake tuna ubansa da 'yan gidansu, ki bar masa abinsa.

Malamin Turanci, Arkilla

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na yarda da Likita, amma ni da na shekara 19 ina riƙe da alli zan ce kada a zuba masa kalmomin nan masu ruɗi yanzu. In ya ci karo da ɗaya a gyara ta, shi ke nan.

Kuma kada ki fara da ABCD. Ya san haruffa, matsalar ita ce ya san su da wani sauti. Sifaniyanci wasali biyar gare shi, yadda aka rubuta haka ake faɗa, kamar bokon Hausa. In ya ga "come" zai karanta "kome", wanda a harshensu "yana ci" yake nufi. Sunayen haruffan ma tarko ne, abin da Bature ke kira E shi I yake ji. Don haka kunne da baki tukuna, mako uku ko huɗu, sannan takarda. Bambancin ship da sheep ki kwatanta masa da gari na zama da garin tuwo, ɗaya gajere ɗaya dogo. Ki kula da b da v, wajensu sauti ɗaya ne, very da berry za su cakuɗe masa. Sannan, da girmamawa Hajiya, p da f mu ke haɗa su, shi ya zo da su a rarrabe. Wannan ki bar wa murya a waya ta koya masa.

A nahawu abin da zai fi cin lokaci shi ne "do". Babu shi a harshensa, babu a namu. Zai ce "you like rice?" ko "I no want", kuma na biyun zai ji shi kullum a tasha da bakin kasuwa, sai ya ɗauka daidai ne. Kada ki yi bayani. Ki ba shi dunƙule: Do you want? I don't want. Does she want? Ku yi ta jefa wa juna da abin da ke gabanku, almakashi, zare, allura, buta. Bayan nan s ɗin he goes, she eats.

Inda na ɗan saɓa da Likita: rabin awar darasi, ba Sifaniyanci ba Hausa sai in an maƙale. Sauran yini nasa ne.

Batun aji, ki nemi a sa shi aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a gwada lissafinsa da baki, wani na fassara masa da Hausa. Yaron da ya iya karatu a wani harshe ba daga farko yake farawa ba.

Baba na Rijiyar Ɗorowa

Ɗiyata, Allah shi biya ki riƙon maraya. Ni ba malami ba ne, tsohon direba ne, Kalaba nika kai albasa. Wurin ga da kika faɗi, a zamaninmu Panya aka ce mai, tsibirin Fanando Fo. Mutanen Najeriya da yawa sun tahi aikin gonar koko, galibi 'yan gabas, har gwamnati ta kwaso su gida wajen 1975 da 1976 sabadda wahalar da sunka sha zamanin Masiyas, shugaban ƙasar na lokacin. Waɗanda na sani cikinsu sun ce akwai wani buroka da aka yi can, Pichi, ɗan'uwan na Saliyo ne, kuma shina kama da namu. Ki tambayi yaron ko shina jin shi. In shina ji, to ba da hannu wohi yaz zo ba.

Gwaggon Yara, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi kwana tara ban dawo ba don ina so in gwada tukuna.

Baba, Allah ya ƙara girma, ashe yana jin Pichi! Da shi yake wasa da yaran kasuwa a can. Bai taɓa sanin yana da dangantaka da Turanci ba, yana ganin maganar titi ce da malamai ke hanawa. Da na ce ya faɗa mini ruwa ya ce "wata", na rubuta masa water ya duba, ya daɗe yana kallon takardar. Daren nan mun tara kalmomi 34 a bayan littafin awona.

Likita, na nemo takardar jarrabawar a ƙarƙashin katifa inda ya ɓoye ta. Amsa biyu ya rubuta da waƙafi, duka an ja musu jan biro. Na nuna masa, na ce lissafinka daidai ne, ɗigo kawai za ka canza. Ya karɓi biro ya gyara su da kansa, ya mayar da takardar cikin jakarsa ta Malabo. Littattafan suna nan, na ma sa yana karanta mini shafi ɗaya bayan isha'i yana gaya mini ma'ana da Hausa, ita ma Hausar sai ƙaruwa take.

Malam, rabin awar nan muna yi bayan magariba. "Do" har yanzu yana tsere masa, amma jiya da aka ɗauke wuta ya daga labule ya ce "Gwaggo, it is hot", da it ɗinsa cikakke. Abin da ya rage mini yanzu thirteen da thirty ne. Kunnensa bai raba su ba, haka fourteen da forty, kuma ranar Litinin za mu je a gwada lissafinsa da baki. Wace dabara kuke yi wa ɗalibanku a kan wannan?