Fostar taro: a takarda zan buga ko a fileks?

Ɗalibar Noma: Assalamu alaikum. An karɓi tsakuren bincikena a kan ɗorawa da daddawa, amma a rukunin fosta. Wasiƙar masu taro ta ce girman fostar A0 ne, a tsaye. Saura kwana 10, a mota zan tashi daga Zariya zuwa Ibadan, kuma PowerPoint kaɗai ne a kwamfutata. A takarda zan buga ko a fileks, ledar nan ta allon talla? A nan gida, ko sai na isa can?

Sarkin Zane: Wa alaikumus salam. Ki nemi InDesign ko Illustrator, ki sa faɗi inci 48, tsawo 36, a kwance. Shi ake yayi.

Malama Mai Alli: Sarkin Zane, ka karanta tambayar kuwa? Naka awon tarukan Amurka ne. Ƙanwata, PowerPoint ɗinki ya isa, yana ɗaukar shafi har inci 56. Kafin ki rubuta ko harafi ɗaya, shiga Design, Slide Size, Custom Slide Size, ki sa faɗi santimita 84.1, tsawo 118.9. Wanda ya gama aiki a ƙaramin shafi sannan ya canja awo, komai watsewa yake. Take ki ba shi girman rubutu 85 zuwa 100, kanun sassa wajen 48, sauran rubutu 28, kada ya sauka ƙasa da 24. Ki raba shafin gida biyu ko uku daga sama zuwa ƙasa. Kalmomi kada su haura 600, sakamako ya ci rabin fili, manazarta uku ko huɗu a can ƙasa. Gwaji mai sauƙi: buga ta a A4. Komai zai ragu sau huɗu, 24 ya koma 6. Abin da ya gagare ki karantawa a hannu zai gagari mai tsayuwa gaban allo.

Ɗan Lab: Wato dai kada a kwashe babi na biyu a liƙa a bango. Akwai fostar da sai ka nemi kujera da ruwan sha kafin ka kai ƙarshenta.

Baba Na Gaji: Duk ku bar zancen girman rubutu, a shagon bugawa fosta take mutuwa. Za ki miƙa filas, yaron shago ya jawo aikin cikin CorelDraw. Samfurin rubutun da kika zaɓa babu shi a kwamfutarsa, sai ta musanya da wani. Haruffan lanƙwasa su ke fara shan kashi: ɗ ɗin ɗorawa ya koma ɗan akwati, ko ya fito siriri a tsakiyar baƙaƙe masu kauri. Sannan ya ja gefe don aikin ya cika faɗin leda, da'ira ta koma ƙwai, tambarin jami'a ya yi tumbi. Shuɗi mai haske ya fito kamar an wanke shi da toka. Kina magana ya ce haka kika kawo. Kuɗi kuwa an riga an karɓe, mota gobe da asuba.

Na Bakin Inji: Baba, ranka ya daɗe, a yi mana adalci. Rabin hotunan da ake kawo mana ta WhatsApp suka biyo, ya matse su. Hoton da zai kai santimita 20 a fosta yana son ɗigon hoto (pixel) wajen 1,200 a faɗi, mutum ya kawo mai 400 ya ce inji ne ya ɓata. Launi kuma, fuskar kwamfuta da haske take aiki, inji da tawada huɗu, dole shuɗi da kore masu ƙyalli su dushe. Hajiya, ki mayar da aikin PDF, ki buɗe shi a wata kwamfutar ki duba haruffan, ki ce a buga daga PDF ɗin kai tsaye a kashi 100, ban da ja. Ki sa a fara buga miki yanki kamar tafin hannu biyu, inda take da hoto suke.

Baba Na Gaji: Yankin gwajin ma kuɗi kuke karɓa.

Na Bakin Inji: Tawadar kyauta ake ba mu?

Sarkin Zane: Fileks ne mai sauƙi. Da ƙafa murabba'i ake lissafi, A0 kusan ƙafa 11 ce. Takarda mai kyau ninkinsa biyu.

Dokta Sai Gobe: Ninki biyu a ina? Wajen masu buga zanen gine-gine, takarda marar ƙyalli ba ta kai kuɗin fileks ba.

Na Bakin Inji: Waccan siririya ce, Dokta, hoto na jiƙa ta sai ta yi tudu da kwari. Farashi kuma, wanda aka faɗa da wuta daban, wanda aka faɗa janareto na kuka daban.

Malama Mai Alli: Ga amsarki, tunda an watsar da ita. Fileks yana da nauyi, fil da salatif ba sa riƙe shi da kyau, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, ƙananan lambobin jadawali kuma suna fitowa da gashi-gashi. In an ninke shi, karin ba ya fita. Takarda mai kauri marar ƙyalli ta fi, ki naɗe ta rubutu a waje, ki zura a bututun roba na masu famfo, mai murfi biyu, ya ɗan ɗara santimita 90. Kada ya shiga but, buhu zai hau kansa. In akwai mai buga yadi, shi ne sarki, ninkewa za ki yi a jaka. Buga a gida kwana uku kafin tafiya, PDF kuma ya bi ki a filas da imel.

Dokta Sai Gobe: Ni da za ta ji tawa, tsarin da Mike Morrison ya fito da shi a 2019 za ta bi: babban sakamako a jimla ɗaya ƙatuwa a tsakiya, bayanai a gefe, lambar QR a ƙasa.

Baba Na Gaji: Alƙalan taronmu su ga rabin fosta fili? Cewa za su yi yarinya ba ta yi aiki ba. Wanda bai taɓa riƙe takardar ba da maki ba ya daina ba da fatawa.

Dokta Sai Gobe: Baba, ba maki kaɗai ake zuwa nema ba, ana so a tsaya a karanta.

Ɗan Lab: Wa zai tsaya? Lokacin fosta a kan lokacin abincin rana ake ɗora shi, allunan kuma a baranda, hanyar zuwa layin shinkafa. Ga azahar.

Ɗalibar Noma: Na gode, Malama. To yadin, wane iri zan ce musu?

Baba Na Gaji: Ɗan Lab, ai wannan da sauƙi. Je ka ga yadda ake lissafa fosta ranar ƙarin girma, kuɗin rajista kuwa ɗaya da na wanda ya hau mumbari. Wani taron ma takardar shaidar ba ta nuna ka gabatar da komai, halarta kawai za a rubuta.

Dokta Sai Gobe: Wannan ya danganta da jami'a, Baba. A taku nawa ake ba ta?