"Naka sai naka, daɗin zama sai bare": kowa da rabin da ya riƙe a makon Sallah

Uwar Biyu, Gwale

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da Sallah. Karin maganar da na kawo yau ita ce "Naka sai naka, daɗin zama sai bare." A makon nan na ji ta a bakin mutum biyu, kowa ya ja ta inda yake so. Ɗana saurayi ne ya fara yi mini ita, da na ce ya shirya mu je gaida goggonsa washegarin Sallah, shi kuwa sun riga sun tsara da abokansa za su Gidan Zoo, kashegari kuma su tafi Tiga. Ya ce, "Umma, ai Hausawa ma sun ce daɗin zama sai bare." Da muka je babu shi, goggon ta ce, "Ƙyale shi, naka sai naka, ranar da ta ɓaci zai gane hanyar gidan nan." Ni a ganina ba a yi maganar nan don yaro ya samu hujjar gudun dangi ba, kuma ba a yi ta don a riƙa tsorata shi da ranar wahala ba. To me take nufi, kuma a bakin wa ta dace?

Tsohon Malamin Hausa, Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da Sallah. Ɗanki da goggonsa duk sun yanka maganar biyu, ita kuwa a haɗe take da amfani. Magabata abin da suka gani suka faɗa. Sun lura zama da bare yana da sauƙi, domin babu gado tsakaninku, babu 'yan'ubanci, bai san abin da mahaifiyarka ta faɗa wa tasa shekara talatin da suka wuce ba. In kun saɓa, kowa ya kama gabansa. Ɗan'uwa kuwa ya san ka tun kana tsumma, yana da hakki a kanka, kana da hakki a kansa, kuma inda hakki yake nan ƙorafi yake. Amma ranar da aka zo neman auren 'yarka, baffanta ake nema ya yi walicci. Ranar da aka yi rasuwa, dangi ne ke zaman makoki har a share, su ne kuma ake tambaya wa zai riƙe marayu.

Inda na fi jin ta a bakin manya shi ne wajen rarrashi. Mutum ya zo yana kuka da ƙaninsa, yana cewa gara abokinsa wane sau dubu, sai dattijo ya ce masa, "Haka ne, daɗin zama sai bare, amma naka sai naka." Ya amsa masa cewa kukansa gaskiya ne, sannan ya hana shi yanke zumunci. Wannan shi ne muhallinta.

Matashin Hotoro

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. A yi mini haƙuri in faɗi ta ɓangarenmu, don mu ake zargi. Ba ƙin dangi muke yi ba. Amma ku duba yadda taron dangi yake wa saurayin da ya gama makaranta bai samu aiki ba. Kafin ka gama gaisuwa an tambaye ka yaushe za ka yi aure. Sai a nuna maka ɗan wane da ya zo da mota. Ƙannenka na zagaye da kai suna jiran barka da Sallah, aljihunka babu ko na adaidaita sahu. Ka fita daga gidan jikinka a sanyaye. In ka je wajen abokai kuwa, kowa ya san halin kowa, a haɗa kuɗi a sayi lemo, a hau Dutsen Dala a sha iska, ba mai auna ka. Kuma wallahi lokacin da mahaifina ya kwanta asibiti, abokaina ne suka ba da jini, wasu daga cikin dangi sai a waya muka ji su. To a wannan ranar wane ne nawa?

Bakatsiniya

Allah ya saka wa abokanka da alheri, ƙanena. Amma ka lura da kyau, abin da ya yi maka zafi shi ne dangi ba su zo ba. Da maƙwabcin abokinka ne bai zo ba, ko a jikinka. Zafin nan da ka ji shi ne "naka sai naka."

Matashin Hotoro

Yaya, na ji wannan. Sai dai zafin ba ya biyan kuɗin magani.

Dattijon Mandawari

Ɗana, ba zan ce ka yi ƙarya ba, akwai dangin da ba su san hakki ba. Amma tun da maganar makon Sallah ake, mu dubi yadda aka tsara makon a Kano. Ranar farko Idi da hawan Sallah. Rana ta biyu Hawan Daushe, kuma a wannan hawan Sarki da kansa yake zuwa Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa, kafin ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi jafi. Sai rana ta uku a yi Hawan Nasarawa, a je gidan gwamnati, a ratsa Sabon Gari inda baƙi suke. Bayan nan a fita bayan gari, Ɗorayi ko Fanisau. Ka ga jerin? Uwa tukuna, sannan hukuma da baƙi, sannan shan iska. Ba a hana ko ɗaya ba, kowanne an ba shi ranarsa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, mutane suna ta murna saboda dawakai da kwalliya. Ni abin da na fi so yaranmu su gani a ciki shi ne mutumin da duk gari ke faɗuwa gabansa, shi ma yana da wadda yake zuwa ya gaisar.

Da muna yara, yawon Sallah shi ne zumuncin, shi ne kuma nishaɗin. A yi mana sababbin kaya, mu kama hannun juna, daga gidan kawu zuwa gidan goggo zuwa gidan yayar kaka, a ba mu tuwon Sallah da alkaki da 'yan kwabbai. Abokanmu ma tare muke tafiya, su raka mu gidan danginmu, mu raka su nasu. Shi ya sa har yau na san gidajen dangin abokaina. Raba ranar dangi da ranar abokai kamar ba sa haɗuwa, wannan sabon abu ne. Zumunta a ƙafa take, kuma ba a ce ƙafar mutum ɗaya ba.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga iyaye da 'yan'uwa. A nan Nijar, ranar layya ba a cika raba nama ba. Ana feɗe ragon, a buɗe shi a kan sanduna, a jera kewaye da wutar itace a ƙofar gida, maƙwabta su haɗa nasu wuri guda, ya yini yana gasuwa. Washegari ake rabo, yara su ɗauki kwanoni su bi gida gida. Abin da nake so in nuna shi ne, a wajen wutar nan da maƙwabta kake yini, ana shayi ana hira, daɗin zama sai bare ke nan. Amma da gari ya waye, cinyar farko gidan iyaye da surukai take tafiya. Ban taɓa jin wanda ya ga saɓani tsakanin biyun ba.

Maman Yara, Ingila

Ni tawa tambayar daban ce. Mu nan babban hutun yara daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba, wajen mako shida. Shekarar da muka samu hali muka zo da su Kano, makon farko kaf a gaishe-gaishe ya ƙare, gida biyar gida shida a yini. Yaran suka gaji, ba sa jin rabin abin da ake faɗa, ana ta yi musu dariyar Hausarsu. Abin da suka riƙe daga tafiyar shi ne ranar da 'ya'yan maƙwabta suka ja su wasan ƙwallo bayan an ɗauke ruwa. A Ingila kuwa, ranar da na haihu, wata 'yar Sudan da wata Bayarabiya ne suka yi mini abin da uwa da yaya za su yi. Shin karin maganar nan tana aiki ga wanda ke zaune inda ba shi da nasa?

Baban Zango, Kumasi

'Yata, tambayarki tarihinmu ce. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar Asante, suka sauka hannun masu gida a zango, ba uwa ba uba. A zangon nan Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Badagombe suka yi masallaci ɗaya da maƙabarta ɗaya, suka aurar wa juna. Yau jikokinsu dangi ne na jini. Saboda haka "naka" ba ƙofa ce da aka kulle ba, ana shigowa ta aure da maƙwabtaka da daɗewa. Sai dai ki lura da abu guda. Ranar da baren ya zama naki, ranar ce za ki fara jin nauyinsa, ya yi miki laifi ki kasa rabuwa da shi. Karin maganar ba ta ƙarya, matsayi kawai mutumin ya sauya a cikinta.

Maganar gida shida a yini kuwa, wannan ba zumunci ba ne ga yaro, wahala ce. Ki ajiye su gida ɗaya mai sa'anninsu su kwana biyu, su ci a kwano ɗaya.

Almajirin Malam, Sakkwato

In ƙara da abin da ya zo a addini. Ya tabbata a Bukhari cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu na Hotoro: rashin zuwan dangi asibiti laifinsu ne, amma bai sauke maka naka ba. Kuma addinin bai raina aboki ba, ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare. Ka riƙe abokanka da suka ba da jini hannu bibbiyu.

Goggon Yara, Gusau

Duk an yi wa yaro nasiha, ba wanda ya yi wa manya. Ni zan yi, don ni ma goggo ce. Wa ya ce dole zama da naka ya zama babu daɗi? Iyayenmu sun san nauyin zumunci, shi ya sa suka buɗe masa tagogi. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, su yi ta tsokanar juna ba mai fushi, har kuɗin shara ake bi a watan cika-ciki. Kaka tana kiran jikanta mijinta, kaka namiji yana kiran jikarsa amarya, yaro ya faɗa wa kakarsa abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Duk wannan an yi shi ne don yaro ya samu inda zai sake a cikin danginsa. Mu muka bar shi ya mutu. Muka mai da taron Sallah wajen tuhuma: wane bai yi aure ba, wance ta daɗe ba haihuwa, wane bai ba da kuɗin gidauniyar dangi ba. Yarinyar da aurenta ya mutu tana shiga ɗaki ta ɓuya har a watse. Sannan mu ce yara ba sa son zumunci.

A gidanmu bana mun sauya. Muka ce ranar taro ba tambayar aure, ba tambayar aiki, mai matsala a same shi a gefe. Samari muka ba su suyar nama, 'yanmata suka yi dambu, tsofaffi suka zauna suna nuna wa yara waye ɗan waye. Muka ce kowa ya zo da abokinsa in yana so. Har aka yi isha'i ba wanda ya nemi tafiya. Ina roƙon 'yan'uwana goggonni da innoni, mu daina jifan yara da "ranar da ta ɓaci." Yaron da sai ta ɓaci yake zuwa gidanki, ke ma da sauran aiki a gabanki.

Tsohon Malamin Hausa, Zariya

Hajiya ta Gusau, na karɓi wannan gyara. Abu ɗaya zan tsaya a kai: ko an gyara taro ya yi daɗi, nauyin ɗan'uwa ba zai taɓa zama daidai da na aboki ba, kuma bai kamata a sa wa yara ran haka ba. Wata ziyarar ba daɗi a cikinta, tsohuwa ce kwance ba ta ma gane ka, kuma dole ka je.

Amaryar Gidan Yawa

Iyayena, ku ba ni dama in faɗi inda bai kamata a yi karin maganar nan ba sam. A taron Sallar dangin mijina aka yi ta, ina tsugune ina zuba musu abinci tun safe. Wata ta ce "naka sai naka" tana kallon 'yarta da ta zo daga gidan miji, aka yi dariya. Ba da ni take ba, na sani, amma a ɗakin nan ni kaɗai ce bare, ni da wani yaro agola da ke raɓe a bakin ƙofa. Na ga yadda ya sunkuyar da kai. Duk gidan da ake taro akwai matar ɗa, akwai agola, akwai ɗan riƙo, akwai almajirin gida da ya yini yana ɗebo ruwa. Kafin mutum ya yi wannan magana a cikin taro, don Allah ya ɗaga kai ya duba waye a wurin. In rarrashin wani za a yi da ita kamar yadda Baba Malam ya ce, a ja shi gefe a faɗa masa shi kaɗai.