Tazarar Kalma Miliyan 30: Gaskiya Ce ko An Zuzuta?

Malamar raino: Assalamu alaikum. Akwai maganar da na daɗe ina faɗa wa iyayen yaran ajina, yau wata uwa ta ce ba ta yarda ba. Cewa nake yi duk yaron da ba a zama a yi hira da shi tun yana jinjiri, za a bar shi a baya wajen magana da karatu. Hujjata binciken Betty Hart da Todd Risley na 1995. Sun bibiyi iyalai 42 a yankin Kansas City na Amurka, awa ɗaya kowane wata, har kusan shekara biyu da rabi. A gidajen masu manyan ayyuka yaro na jin kalma wajen 2,100 a awa, a gidajen masu karɓar tallafin gwamnati kuwa wajen 600. Da suka lissafa, zuwa shekara 4 tazarar ta kai kalma miliyan 30. Ina kuskurena?

Baban 'yan biyu: Wa'alaikumus salam, Malama. Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa, kuma ban taɓa ganin ta zaunar da jinjiri tana yi masa hira ba. Duk cikinmu babu wanda bakinsa bai buɗe kan lokaci ba. Idan na ji irin wannan maganar sai in ji kamar ana cewa ta gaza, kuma wallahi ba ta gaza ba.

Dakta: Malama, wannan fagen shi ne aikina a jami'a, kuma ni ma da wannan lambar aka fara karantar da ni. Amma ki duba: gidajen masu tallafin nan 6 ne kacal cikin 42. Miliyan 30 ɗin ma ba ƙirga ta aka yi ba, awa ɗaya aka ɗauka aka ninka ta a kan shekaru. Sannan baƙo ne zaune a ɗakin mutum da na'urar naɗar murya. Wace uwa ce za ta saki jiki haka, balle wadda ta san hukuma na sa mata ido?

A 2019 Douglas Sperry da Linda Sperry da Peggy Miller sun duba al'ummomi 5 a Amurka, suka haɗa da maganar sauran mutanen gida da wadda yaro ke ji ana yi a kusa da shi. Ba su tarar da waccan tazarar yadda aka faɗe ta ba. A Bolibiya kuma, cikin al'ummar Tsimane, Alejandrina Cristia da abokan aikinta sun gano cewa maganar da ake yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 4 kai tsaye ba ta kai minti ɗaya a awa ba. Marisa Casillas ta ga ƙarancin irin wannan magana a wajen al'ummar Tseltal ta Mekziko, amma yaran na fara gwalantu da kalmar farko da haɗa kalmomi a lokacin da aka saba.

Ɗalibar jami'a: Dakta, da izininki. Ai akwai binciken Weisleder da Fernald na 2013. Sun naɗi yinin yara 'yan wata 19 a iyalai masu ƙaramin ƙarfi da ke magana da Sifaniyanci. Waɗanda aka fi yi wa magana kai tsaye su suka fi yawan kalmomi a wata 24, wadda suka ji ana yi a gefe kuwa ba ta nuna alaƙa ba. Kada a watsar da maganar Malama.

Dakta: Gaskiyarki, 'yata, ban watsar ba. Fara magana daban, yawan kalmomi daban. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da rainon yaro ƙirga. Binciken Rachel Romeo na 2018 kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6 ya nuna cewa musayar magana, ka faɗa ya amsa, ita ce ta fi alaƙa da aikin sashen harshe a ƙwaƙwalwa, fiye da tarin kalmomin da aka zuba masa. Kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: Evan Kidd da Rowena Garcia sun duba manyan mujallun fagen a 2022, suka samu harsuna 103 kawai cikin kusan 7,000, fiye da rabin nazarin kuma kan Ingilishi ne. Da wannan ma'aunin ake auna iyayen duniya.

Goggo: Ni ban yi nisa a boko ba, amma jiya ina kallon jikata 'yar wata goma sha huɗu. Ta nuna kyanwa da yatsa ta ce "nyan". Yayarta 'yar shekara biyar ta durƙusa ta ce, "Kyanwa ce. Ce kyanwa." Ta sake cewa "nyan", suka yi ta yi har kyanwar ta tashi. Uwar na can tana aikinta. Wannan ana ƙirga ta?

Dakta: Goggo, ita ce aka daɗe ana tsallakewa, domin idon masu bincike kan uwa yake.

Malamar raino: Na ji, kuma zan daina ambaton miliyan 30. Amma ba zan daina cewa a yi wa yara magana ba. Ina da yaro a aji da yininsa ke ƙarewa a gaban waya, babu yaya babu kaka a gidan. Gobe zan kira uwar da ta musa mini, in fara tambayarta wa ke amsa wa ɗanta idan ya yi nuni.