Musayar Waƙa: Wa Jarida Ke Kira Ɗan Ta'adda?

Malam Sani Mai Alƙalami:
Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da bai taɓa gyangyaɗi ba.
Ku tuna Nowe a Yulin 2011,
Rai 77 ba su kai gobe ba.
Jaridar The Sun ta buga Alƙa'ida a shafin farko,
Ba ta tsaya jiran bincike ba.
Ashe Breivik ne, ɗan ƙasar, maƙiyin Musulmi,
Bai taɓa duban alƙibla ba.

Hajiya Binta:
Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Ni Christchurch ta New Zealand ban manta ba.
Ran Juma'a, 15 ga Maris 2019,
Maharin bai bar tsoho, bai bar yaro ba.
Masallatai biyu, mutum 51,
Yana haskawa a Facebook, bai ji kunya ba.
Daily Mirror ta tono hotonsa na yarinta,
Wai mai kamar mala'ika ne ya lalace, kun ji ba?
Da sunansa Ahmadu ko Usmanu,
Ba za a nemo hoton goyonsa ba.

Auwalu:
Yaya Binta, a yi mini haƙuri,
Ban ce 'yan jarida sun kyauta ba.
Sai dai masu baƙar tuta da kabbara,
Ba edita ne ya ƙirƙiro su ba.
Ƙadangare ba ya samun wurin shiga,
In dai bangon bai tsage ba.

Malam Sani Mai Alƙalami:
Auwalu ɗana, ban musa maka ba,
Amma ba ka ƙirga gawarwakin ba.
Babban masallacin Kano, Nuwamban 2014,
Sama da mutum 100 ba su koma gida ba.
Malam Albani na Zariya fa? A shekarar aka harbe shi,
Don bai yi shiru a kan Boko Haram ba.
In labari ya ce "Musulmi", mai bindiga yake nufi,
Ba wanda aka kashe a sahu ba.

Hajiya Binta:
Ƙanena, ƙara da Kebek ta Kanada, 2017,
Mutum 6 a masallaci, ba su fito ba.
Fox News ta ce ɗan asalin Maroko ake zargi,
Alhali shaida ne, bai harbi kowa ba.
Sai da ofishin Firayim Minista Trudeau ya rubuta musu,
Kafin nan ba su goge saƙon ba.