Motar haya ta yini guda zuwa wuraren tarihi daga Madina: wa ya taɓa yi, yaya ta kasance?

Mai tambaya, daga Riyad:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Saudiyya. Shekarata uku ke nan ina aiki a Riyad, amma duk zuwan da na yi Madina ban taɓa wuce Harami da Ƙuba ba. Yanzu Allah ya nufa mahaifana za su taso daga Katsina su yi Umra a wata mai kamawa, kuma kwana huɗu kacal za su yi a Madina. Baba ya shafe sama da shekara talatin yana karantar da sira a zaure. Ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tsayuwa, balle hawa da saukar babbar bas da gaggawar 'yan rukuni. Shi ya sa nake son ɗaukar ƙaramar mota, mu uku da direba da wanda zai yi mana bayani. Babban burin Baba shi ne ya ga Badar da idonsa. Duk wanda ya taɓa irin wannan fita ya taimaka mini da labarinsa, mai daɗi da marar daɗi.

Wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina:

Wa'alaikumus salam Yaya, Allah ya kawo su lafiya. Lokacin hutu nakan raka baƙi 'yan gida, don haka ga abin da na gani. Direba daban, jagora daban. Da yawa za su ce maka "mota da bayani", sai ka shiga ka tarar bayanin bai wuce nuni ta taga ba: wancan Uhudu, wancan Ƙiblataini, a ci gaba.

Na taɓa raka wasu dattawa biyu daga Gusau. Mun isa Uhudu da sassafe, kafin manyan motoci su cika filin. Muka yi sallama ga shahidai, inda Sayyidina Hamza da Mus'ab bn Umair suke kwance cikin mutum saba'in da suka yi shahada a Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira, sannan muka tsaya a gindin tudun maharba. Daga nan ne karatu yake zama gani. Dutsen Uhudu a bayan Musulmi, Madina a gabansu, maharba hamsin a ƙarƙashin Abdullahi bn Jubair suna kan tudun suna tsare musu baya. Da zarar ka dubi ƙanƙantar tudun da sararin da ke kewaye da shi, za ka gane yadda Khalid bn Walid ya zagayo da dawaki lokacin da akasarin maharban suka sauka. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce tun yana yaro yake jin labarin a wa'azi, yana zaton wani ƙaton dutse ne. Mun fi rabin awa a wurin ba wanda ya ce mana mu yi sauri, kuma wannan ne kaɗai abin da ƙaramar mota ta fi bas da shi.

Ƙuba ku bar ta zuwa Asabar in ta faɗo cikin kwanakinku, domin ranar ce Manzon Allah (SAW) yake zuwa. Ku yi alwala tun daga masauki, hadisin ladan Umra haka ya zo. Ƙiblataini da wurin yaƙin gwalalo a gindin dutsen Sal'u duk suna kusa, safiya ɗaya ta ishe su. Amma kada ka haɗa Badar da cikin gari a rana guda, Baba zai jigata.

Wata Hajiya mazauniyar Makka:

Ɗana, ni tawa fitar ta farko har yau tana min ciwo a rai. Ƙannena mata ne suka zo daga Zinder, muka je Madina tare. A ƙofar masauki wani ya tare mu da motarsa, kuɗin da ya faɗa da sauƙi, muka shiga ba mu yi wani sharaɗi ba. Wuri biyar ya kai mu cikin awa biyu, ko'ina yana danna mana oda. A Ƙuba da ƙyar muka idar da raka'a biyu. Amma da ya kai mu shagon dabino, awa guda cur ya zauna yana shan shayi, daga baya muka gane la'ada yake karɓa a kan duk abin da muka saya.

Kuɗin bai dame ni ba kamar maganganun da ya riƙa faɗa. Ya kai mu wani kwari da suke kira Wadil Jinni, ya cire giya, mota ta riƙa tafiya da kanta, ya ce aljanu ne ke jan ta. Surukina mai aikin gina hanyoyi ya bayyana mini cewa gangara ce, duwatsun gefe ne ke ruɗin ido har mutum ya ga kamar hawa yake yi. A Uhudu kuma ya ce wa ƙannena ƙasar wurin magani ce, na juyo na tarar suna ƙulla ta a gefen mayafi. Matan da suka tara kuɗi shekara da shekaru don su zo, a sallame su da tatsuniya. Wallahi abin ya sosa mini rai.

Fita ta biyu ce ta wanke mini zuciya. Ɗa'ifa muka je daga Makka, tafiyar kilomita kusan 90 ta hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikin dutse, birai zaune a bakin titi. Kana hawa iska tana sauyawa, har sai da muka nemi abin rufa. Yaron da ya raka mu mai ilimi ne da natsuwa. Ya kai mu masallacin Abdullahi bn Abbas, sannan wajen ɗan masallacin da ake jingina wa Addas, bawan nan Kirista mutumin Ninawa da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi bayan mutanen garin sun jefe shi. Ya faɗa mana gaskiya: labarin yana cikin littattafan sira, ginin kuma na baya ne, kada mu ɗauka cewa a kan wannan taƙi ne daidai abin ya faru. Na tsaya ina duban duwatsun da muka hauro da mota mai sanyi, ina tuna shi da Zaidu bn Harisa da ƙafa suka zo. Ban iya cewa komai ba. Da yake watan Afrilu ne, mun tarar ana tatsar turare daga furen wardi. A dawowa muka ɗaura harami a miƙati muka shigo da Umra.

Wani direba, haifaffen Madina:

Hajiya, Allah ya huci zuciyarku. Abin da kuka faɗa yana faruwa, ba zan kare shi ba. Ni a nan aka haife ni, kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano ya bi ta Sudan ya ƙetaro daga Sawakin, kuma da wannan sana'a nake ciyar da iyalina. Bari in faɗa muku dalilin saurin. Wanda aka biya kuɗin zagaye ɗaya, hankalinsa yana kan zagaye na biyu da na uku kafin azahar. In ya rage muku farashi har ya yi ƙasa da kuɗin mai da wahalarsa, to a shagon dabino zai cike giɓin. Maganinsa ku yi ciniki a kan awanni ko yini sukutum, ku lissafa wuraren da baki, ku ce ba shago sai kun nema. Rabin kuɗi a farko, rabi in an dawo.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka nemi mota mai lasisin ɗaukar fasinja. Waɗanda ake kira kaddada, masu yi da motar gida ba izini, in jami'ai suka tsayar da su a hanya ku ma kun tsaya a rana. Kuma kada girman Jims, babbar motar nan ƙirar GMC, ya burge ka, takawarta da tsayi, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Ƙaramar bas irin H1 ko Staria mai ƙofar ja ta fi, ga wurin sa keken Baba a baya.

Badar kusan kilomita 150 ce kudu maso yamma, awa biyu ba gaggawa. Hanyar lafiya lau, da kyamarorin Sahir masu kama masu gudu fiye da ƙa'ida, saboda haka direban kirki ba zai yi gudu ba. Ku fita da an idar da asuba. Garin ya fi Madina kusa da teku, zafinsa da gumi, inuwa kuma ba ta da yawa a wajen maƙabarta. Ku riƙe ruwa, lema da 'yar kujerar naɗewa. A hanya akwai rijiyar Rauha, inda rundunar Musulmi ta yada zango a hanyarta ta zuwa Badar, minti goma ya ishe ku.

Wata 'yar'uwa daga Jidda:

Ni gargaɗina a kan Al'ula ne, ko da wani zai ce maka ana yin ta a yini ɗaya daga Madina. Ana yi, mun yi ni da maigidana da yara, amma ba zan so wa tsoho ba. Sama da kilomita 300 ce, kusan awa huɗu zuwa, huɗu dawowa. Direban bai gaya mana cewa motar haya ba ta shiga Hijir, wato Mada'in Salih, wurin tarihin da ke kusa da garin, ba. Sai an yanki tikiti tun da wuri ta intanet, a ajiye mota, a hau bas ɗin hukumar wurin da nasu masu bayani. Da ƙyar muka sami gurbin yamma.

Wurin kansa kuwa abin gani ne. Kaburbura 111 da Nabatawa suka sassaƙa a jikin duwatsu kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, su ne mutanen da suka sassaƙa Batra ta ƙasar Jodan. Akwai wanda ake kira Ƙasrul Farid, dutse guda tilo a tsakiyar yashi, an fara sassaƙarsa daga sama ba a ƙarasa ƙasan ba, har sawun guduma ana gani. Shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 2008. Mun ga dutsen nan mai siffar giwa da faɗuwar rana, muka kamo hanya. Ƙarfe ɗaya na dare muka shigo Madina, maigidana yana ta jan direba da hira don kada barci ya ɗauke shi.

Wani malami, daga Madina:

'Yar'uwa, Allah ya saka da alheri. Ƙari kaɗan a kan Hijir: a tafiyar Tabuka, shekara ta 9, Manzon Allah (SAW) ya bi ta nan ya hana sahabbai shiga gidajen Samudawa, mutanen Annabi Salihu da aka yi wa azaba, sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya hanzarta. Wanda zai je ya je da wannan a zuciyarsa. Badar kuma a je don sanin tarihi da yi wa shahidai addu'a. Ba a shafar bango, ba a ɗibar ƙasa, ba a roƙon wanda ke kwance. Na san mahaifin mai tambaya ya fi ni sanin wannan, saboda masu karantawa na faɗa.

Wani ma'aikaci, daga Yanbu:

Ku fita da takardunku, kai iƙama, katin izinin zama, su kuma fasfo. Mai bizar Umra yanzu yana iya zagaya garuruwan ƙasar, mai bizar Hajji ne aka taƙaita wa. Na ga an mayar da wata mota daga shingen bincike saboda an baro fasfo a masauki.

Mai tambaya, bayan makonni biyar:

'Yan'uwa, jiya muka je Badar, na ga ya zama wajibi in dawo in ba ku labari. Na bi shawararku: Staria mai lasisi, cinikin yini guda, da wani ɗalibi ɗan Sakkwato da aka haɗa ni da shi. Mun fita bayan asuba, mun tsaya a Rauha, kafin ƙarfe takwas muna gaban allon da aka rubuta sunayen shahidai goma sha huɗu.

Baba ya ƙi zama a keke. Ya dogara sandarsa ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, Muhajirai shida, Ansar takwas, yana tsayawa a kan kowanne. Da ya zo kan Umair bn Abi Waƙƙas, ƙanen Sa'ad, yaron da ya riƙa ɓuya a cikin sahu don kada a mayar da shi gida saboda ƙuruciya, muryarsa ta karye. Umma ta juya baya tana share ido da gyale.

Daga nan muka wuce masallacin Arish, inda aka kafa wa Manzon Allah (SAW) rumfa ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2. Muka shimfiɗa masa kujerar a inuwa. Ɗalibin ya nuna masa gefen kwarin da ke ɓangaren Madina, inda Musulmi su ɗari uku da 'yan kai suka sauka, da gefe mai nisa inda Ƙuraishawa kusan dubu suka yi sansani, da kuma ɓangaren teku inda Abu Sufyan ya kauce da ayari. Baba ya karanta aya ta 42 ta Suratul Anfal a hankali, yana nuna kowace kusurwa da sanda. Ya ce shekara talatin yana zana wannan da yatsa a kan tabarma, ashe gefe mai nisan ya fi kusa da yadda yake kwatantawa. Daga nan shi ya karɓi bayanin: shawarar Hubab bn Munzir a kan rijiyoyi, ruwan saman da ya daddale yashi a ƙarƙashin ƙafafun Musulmi, raƙuma saba'in da ake hawa bi da bi a tafiyar da mu muka yi cikin awa biyu. Ɗalibin ya ciro waya yana rubutawa, direban ma ya kashe mota ya zo ya tsuguna.

A dawowa Baba ya roƙi direba ya rage gudu in mun shiga kwarin Safra'u. Ya ce Ubaida bn Haris, wanda aka sare wa ƙafa a fito-na-fito na farko, sunansa yana kan allon amma ba a Badar ya cika ba, a nan ya rasu ana hanyar komawa Madina. Direba ya gangara gefen titi, Baba ya sauke gilashi ya yi masa addu'a. Mun isa masauki ana kiran la'asar, gwiwar ta ɗan kumbura amma ya yi sallarsa a Harami.

Jibi za su wuce Makka, kuma labarin Hajiya ya sa Baba yana son Ɗa'ifa. Sai dai Umma jiri yana ɗibarta a hanya mai lanƙwasa. Hajiya, in muka bi ta Sailul Kabir maimakon Hada, za mu iya dawowa kafin magariba?