Da wace daula zan fara?

Autan zaure: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina son karanta tarihin daulolin nan da wuƙa da nama suke hannun sarki shi kaɗai, daga wajen 1500 zuwa 1750. Sun yi min yawa, na rasa ta inda zan kama.

Malamin Zariya: Wa alaikumus salam, Auta. Fara da Mugal na Indiya. Babur, wanda ya kafa daular, ya ci yaƙin Panipat a 1526, kuma da kansa ya rubuta labarin rayuwarsa, Baburnama, ka nemi fassararsa. Amma inda za ka daɗe shi ne kan Sarki Aurangzeb. Ya kwashe fiye da shekara ashirin yana yaƙi a Dekan, kudancin Indiya, ƙasa ta yi faɗi, baitulmali ya rame. Ya rasu a 1707, zuwa 1739 Nadir Shah na Iran ya shiga Delhi ya yi awon gaba har da karagar ɗawisu ta sarakunan Mugal.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta Malam, ni dai Safawiyya ta Iran zan ce masa. Ɗan nan, duba yadda ake gadon sarauta. Shah Abbas ya ƙawata Isfahan, amma tsoron 'ya'yansa ya sa ya kashe ɗaya, ya makantar da biyu. Daga baya yarima a kulle yake tashi cikin gida, bai taɓa riƙe ko gari ɗaya ba sai ga rawani. A 1722 'yan Afganistan suka ci Isfahan.

Ɗan kasuwa: Ku bi kuɗin kawai. Sifaniya tana ɗibar azurfar Potosi ta Kudancin Amurka tun 1545, duk da haka sarkinta Filib na Biyu ya kasa biyan bashi a 1557, da 1575, da 1596. Wanda ya taɓa cin bashi kan kayan da ba su iso ba ya san wannan ciwon.

Malamin Zariya: Alhaji, kai komai sai ka kai shi kanti.

Na Maiduguri: Kada ku manta Usmaniyya ta Turkawa, don ta taɓo mu. Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu Istanbul zamanin Sultan Murad na Uku, ya kuma samu Turkawa masu bindiga. Limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙensa. Fara da shi, sannan ka bi Turkawan har ƙofar Biyana ta Austriya a 1683, inda aka kora su.

Autan zaure: Na gode ƙwarai. Da Ibn Fartuwa zan fara. Yaya na Maiduguri, naka na Larabci ne ko fassara? In za ka ara min, zan aiko a karɓa.