Matakalar katako a ƙofar gida: za ta jure daminar Jos?

Baban Ummi, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin katako. Gidan da muke haya a kan tudu yake, kuma daga ƙasa zuwa dokin ƙofa na auna inci 21. Tun shigarmu bulo muka jera muna takawa, amma makon jiya ɗaya ya goce da mahaifiyata, wadda dama take fama da ciwon gwiwa, sai da Allah ya sa ta dafe bango. Mai gidan bai amince a zuba siminti ba, shi ya sa na koma tunanin katako. Wane iri zan saya, kuma yaya zan kare shi daga ruwa da gara?

Kafintan Rikkos:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Awonka ya zo da sauƙi, domin inci 21 zai ba ka hawa uku, kowanne inci 7, faɗin wurin taka ƙafa kuma kada ya gaza inci 11. Ka tsaya a kan kafintanka ya sa kaurin katakon cikin lissafi, saboda idan hawa ɗaya ya fi ɗan'uwansa ko da rabin inci ne, ƙafar da ta saba da na farko a nan take tuntuɓe, musamman da asuba. Na saman a faɗaɗa shi sosai, yadda Hajiya za ta tsaya da ƙafa biyu kafin ta tura ƙofa. Idan ka shiga Kasuwar Katako, ka nemi maɗaci ko loko wanda ya bushe, ka guji farin katakon da ake silin da shi. Ɗanye kuwa, da hunturu ya kama zai karkace ya tsage.

Malamin Gangare:
Abin da zan ƙara shi ne kada katakon ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Na yi wannan kuskuren a ƙofar shagona, damina biyu kacal na ɗaga matakalar na tarar gara ta rarake ƙafafunta, sai ɓawo ya rage. A ɗora ta a kan faffaɗan dutse, wanda ba ya wahalar samu a garin nan, a shafe ta da Solignum, wato maganin kare katako daga gara da ruɓewa, bayan an gama yanka, a kuma shayar da bakin yankan sosai, domin ta nan yake tsotsar ruwa. Baƙin mai da wasu ke shafawa yana ɓata tufafi, yana kuma sa santsi. A bar 'yar tazara tsakanin katakan takawa don ruwa ya zurare.

Maman Sadiya:
Ɗan'uwa, don Allah kada ka manta da abin dafawa, ko da a gefe ɗaya ne, a ɗaure shi da noti maimakon ƙusa, wadda take yin tsatsa ta saki. A watan Agusta gansakuka kan fito a kan katako, sai an riƙa gogewa da buroshi. Ka kuma duba ko ruwan kwano a daidai ƙofar yake zuba.

Baban Ummi, Anguwan Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai a nan yake zuba, don haka zan fara yi wa mai gidan maganar indararo kafin in tafi kasuwa ranar Asabar.